Madubi Mai Ninki Bakwai

Galeton, Pennsylvania
6 ga Disamba, 1988

Corinne,

Ba a samu barewar ba. An daina nema tun ranar Laraba, kuma Duane Prouty, shugaban sansanin farautarmu, ya ce in rataye bindigata har ƙarshen farautar bana. Na rataye.

Ki yi haƙuri na fara da wannan kafin gaisuwa. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyara labaran jaridar mako, hannunsa ya saba sa abin da ya faru a layin farko. Ina gaishe ki, ina gaishe da mijinki Hector. Da fatan zafin Tucson ya sauka, aikin asibiti kuma da sauƙi. Ni lafiya lau. Kafaɗar da aka yi wa aiki tana nan yadda kika bar ta: tana ɗaga butar kofi, amma ba ta jure bugun doguwar bindiga. Libarba dai nake riƙewa, ita kuwa wuyan hannu ke ɗaukar bugunta.

Ga yadda abin ya kasance. Ranar buɗe farauta aka ajiye ni a matsayina na kullum, gindin tudun nan na bakin rafi, inda nake tsayawa tun kafin mahaifiyarki ta yi aure. Masu kora suka shigo kurmi daga sama. Da hantsi wani namijin barewa ya fito, bai fi yadi talatin daga gare ni ba. Na miƙa hannu biyu, na leƙa ta madubin saitin da kika aiko. Gashi mai ruwan ƙasa ne ya cika madubin baki ɗaya. Ban iya bambance kafaɗa da ciki ba. Ya motsa, na harba.

Ya ƙudundune, ya ruga. Jinin da muka gani a kan ƙanƙara baƙi ne, da ɗan ciyawa a ciki. Ke ma'aikaciyar jinya ce, ba sai na faɗa miki inda harsashin ya shiga ba. Muka bi sawu har shingen gonar Ardith Kibbe. A nan jinin ya ragu, aka juyo. Washegari da jibi mun tsefe ɓangarenmu na rafin, babu komai.

Kin tuna bangon sansanin da aka kakkafa wa tsummoki. Duk wanda ya harba ya kuskure, da yamma sai a danne shi a yanke masa bakin riga ta baya da wuƙa, a rubuta sunansa a kafa a bango, a yi ta dariya har abinci ya huce. Nawa uku ne a wurin. Ranar nan na sa tsohuwar riga na zo cin abinci, na zauna kusa da bango. Babu wanda ya zare wuƙa. Elwood Tubbs, wanda bakinsa bai taɓa hutawa ba tun da na san shi, ya tura mini tukunya ya ce a hankali, "Leland, a ƙara maka wake?" Kamar yadda ake yi wa mutum magana a gidan makoki. Ashe kuskure ake yanke wa riga. Wanda ya raunata dabba ya bar ta a daji, shiru ake yi masa.

A taron sansani na watan Afrilu za a kaɗa ƙuri'a ko zan ci gaba da riƙe matsayina, ko a mayar da ni kicin. Haka dokar take, ina cikin waɗanda suka tsara ta.

Ga hoton da kika nema. Elwood ne ya ɗauka da safen ranar, kafin mu fita. Madubin mai kyau ne, babu aibi a jikinsa.

Kawunki,
Leland

*

Tucson, Arizona
14 ga Disamba, 1988

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Mu duka lafiya, sai Hector da ke fama da mura yana kwance kamar wanda aka yi wa tiyata. Na ji daɗin jin kafaɗa ba ta ƙara tsanani ba. Kana yin motsa hannun da aka ce ka riƙa yi, ko takardar tana ƙarƙashin gwangwanin sukari har yanzu?

Na karanta wasiƙarka a tsaye, na sake karantawa a zaune. Layin ƙarshe ne ya hana ni sukuni. Kai ba ka yabon abu sai kana kare shi.

Ranar Lahadi yayan Hector, Ramiro, ya zo cin abinci. Shi ma mafarauci ne. Ya ɗauki hotonka daga kan firji ya daɗe yana kallo, sai ya ce, "Wannan tsohon a cikin kurmi yake tsaye. Wane maƙiyinsa ne ya ɗora masa wannan bututun a kan bindiga?" Na ce ni ce. Ya ajiye hoton ya ce, "To, Allah ya ba shi haƙuri, suruka." Hector yana ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, amma na ce ya bar shi ya gama. Ya ce madubi mai ninki bakwai, wato mai girmama abu sau bakwai, na sahara ne, inda ake hango dabba a ƙetaren kwari, mutum ya kwanta ya ɗora hannu a kan jaka. A tsaye kuwa, hannu a miƙe, ko bugun zuciyarka sai ya sa madubin ya yi ta rawa. Ya ce a daji mai duhu irin naku ninki biyu ya isa, har ya yi yawa.

Kawu, mai ninki biyun yana nan a kantin, kusa da wanda na saya. Na riƙe shi a hannuna. Ƙarami ne, mara nauyi, sai na ji kunyar aika wa mutumin da ya riƙe ni bayan rasuwar Mama abu ɗan ƙil haka. Mai kantin ya tambaye ni me kake farauta, na ce barewa. Bai tambaye ni a ina ba, ni kuma ban faɗa ba.

A watan Yuli ka rubuta mini cewa idonka ba ya ganin ɗan ƙarfen saiti na bakin bindiga sosai. Na ɗauka ganinka ne ke tafiya gaba ɗaya, na ce bari in sayo maka wanda zai jawo maka duniya kusa. Sai yanzu na gane abin kusa ne ya dushe maka, nesa kana gani garau. Abin da nake yi wa masu shekara hamsin bayani ke nan kowace safiya a wurin aiki. Na rasa inda zan sa kaina.

Tambaya ɗaya zan yi, kuma ina son amsa irin ta jarida: ka san bai dace ba kafin ka fita da shi?

'Yarka,
Corinne

*

Tucson
19 ga Janairu, 1989

Kawu,

Ina gaisuwa, da fatan sanyi bai matsa maka ba. Hector ya warke.

Ban samu amsa ba. Na buga waya ranar Kirsimeti, na buga ranar sabuwar shekara, tana ta ƙara babu wanda ya ɗauka. Ka san ni, na fara lissafin ko ka faɗi ne a kan ƙanƙarar ƙofar gida. Na kira mai gidan man da ke kan titinku, ya ce ya gan ka jiya kana sayen kananzir, ƙafarka biyu. Saboda haka na gane fushi kake yi, kuma kana da gaskiya.

Na yi abin da nake ganin zai rage ɓarnar. Na rubuta wa Duane Prouty na gaya masa komai: ni na zaɓi madubin, ni na yi kuskure, kai kuma ka ɗora shi ne don kada ka ɓata mini rai. Na roƙe shi ya karanta wa sauran kafin a kaɗa ƙuri'a. Bai kamata ka rasa wurin da ka tsaya tsawon rayuwarka saboda wautata ba.

Ko kati ne ka aiko, mai layi ɗaya.

Corinne

*

Galeton
8 ga Fabrairu, 1989

Corinne,

Ina gaishe ki da Hector, da Ramiro wanda ban sani ba amma na yarda da idonsa. Ni lafiya. Ƙanƙara ta kai gindin taga. Takardar motsa hannu tana ƙarƙashin gwangwanin sukari, kin canka daidai.

Ban yi fushi da ke ba a watan Disamba. Na zauna in amsa tambayarki sau da dama, kowane lokaci sai in ga amsar kalma ɗaya ce kuma ba na son rubuta ta. Wayar ma ina jin ƙararta. Na san ke ce.

Yanzu kam na ɗan yi fushi. Duane bai jira Afrilu ba. Ya zo da wasiƙarki gidan cin abincin da muke shan kofi da safe, ya sa tabarau ya karanta ta a gaban mutum biyar da mai kawo abinci. Ba da mugunta ya yi ba, yana ganin taimakona yake yi. Da ya gama, Elwood ya ce, "Kai Leland, ashe lauya ka ɗauka daga Arizona. Nawa take karɓa? Ni ma matata ta kama ni da laifi." Aka yi dariya, dariyar farko da aka yi da ni a ciki tun ranar nan. Sai na ga suna shirin yafe mini, su ɗora laifin a kan wata yarinya da ke nesa wadda ba ta san kurmi ba. Har ma na ji daɗin hakan na ɗan lokaci. Wannan ne ya fi komai ƙona mini rai.

Na ce musu abin da zan ce miki yanzu. E, na sani. A watan Oktoba na kai shi ramin tsakuwa inda muke gwada bindiga. A kan tebur, hannu bisa buhun yashi, yana sa harsashi inda aka ce. Da na miƙe tsaye sai layukan saiti da ke cikinsa suka kama yawo a kan takardar da nake harbi kamar ƙuda a taga. Na ɗaga na rasa takardar ma gaba ɗaya, sai da na laluba. Na san abin da hakan ke nufi a cikin daji. Na zo gida na ɗauko sukundireba don in cire shi, sai na ga ɗan katin da kika sa a kwalin: "Ina son hotonka da shi ranar buɗe farauta." Na mayar da sukundireban cikin aljihun tebur.

Kada ki ɗauki wannan a matsayin naki laifin. Da na so, da na bari Elwood ya ɗauki hoton, in cire madubin, in fita da saitin ƙarfe ko in zauna a sansani. Gaskiya ita ce na ji daɗin yadda suka kewaye ni da safen nan suna taɓa shi. Shekara biyu ina zama mai lalatacciyar kafaɗa da ƙaramar bindiga. Ranar nan ni ke da abin da babu mai irinsa.

Duane ya daɗe yana juya cokali, sannan ya ce, "To, malam edita, ka ɓata mini shari'a." Ya kafa sharaɗi: kafin taro in zo ramin tsakuwa, a tsaye, in zuba harsasai shida a farantin takarda daga yadi hamsin, a gabansu. In na yi, a kaɗa ƙuri'a. In ban yi ba, ba sai an wahalar da kowa ba.

Ga abin da nake bukata, in kantin zai karɓi musanya. Ninki biyu, kada ya wuce. Wanda aka ƙera don bindigar hannu, ana ganin hoton cikakke daga tsawon hannu. Layukan ciki masu kauri, don a gan su a inuwar itatuwa. Ki tambaya ko yana jure bugun harsashi mai lamba arba'in da huɗu, in mai kantin ya yi jim kafin ya amsa, ki fito. Na sa naki a kwalinsa, yana hanya.

Kada ki ƙara rubuta wa Duane.

Kawunki,
Leland

*

Tucson
2 ga Maris, 1989

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Itatuwan lemun bayan gida sun fara fure, ku kuma na san har yanzu kuna haƙar hanya zuwa mota.

Ka yi haƙuri da maganar Duane. Na yi maka abin da nake hana 'ya'yan majinyata yi, su riƙa amsa wa likita tambaya alhali mai ciwon yana zaune da bakinsa. Katin nan kuwa, a bakin ƙofar gidan waya na rubuta shi, a kan gwiwata, don kada kwalin ya tafi babu ko kalma. Ko tunawa da shi ban yi ba sai da hoton ya zo.

An karɓi musanyar. Ramiro ya raka ni, ya karanta wa mai kantin jerin sharuɗɗanka da murya irin ta alƙali. Mutumin ya ce, "Ai da kin ce Pennsylvania tun farko, madam." Ramiro ya ce, "Ai da ka tambaya tun farko, ɗan'uwa." Na sa Ramiro ya miƙa hannu da madubin ya leƙa ta tagar kantin, ya ce yana ganin motar ƙetaren titi har da mai wanke ta. Kwalin zai iso maka kafin wannan wasiƙar ko bayanta kaɗan. Babu kati a ciki.

Akwai wani abu. Na sake karanta wasiƙarka ta farko. Ka ba ni nisa, ka ba ni launin jini, har da waken Elwood. Amma da aka zo shingen Ardith Kibbe sai ka gajarta. Ina 'yar shekara goma sha biyu ka sa ni rarrafe a bayan wata barewa da wani baƙo ya raunata, har gwiwoyina suka jiƙe, kana cewa dabbar da aka harba a ciki jininta yana ɗaukewa amma ba ta nisa, ruwa take nema ta kwanta. Rafin nan ai ta gonar Ardith ya bi. Kun ƙwanƙwasa mata ƙofa? Wa ya ce a juyo?

Ba sai ka amsa ba in ba ka so. Na dai kasa yin kamar ban lura ba, kai ka koya mini karatu.

'Yarka,
Corinne

*

Galeton
11 ga Afrilu, 1989

Corinne,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gidan. Lafiyata ƙalau. Ƙanƙara ta narke sai a inuwar duwatsu, hanyar sansani duk taɓo.

Madubin ya iso, kuma shi ne. Na ɗora shi na yi ta zuwa ramin tsakuwa duk ranar da iska ta kwanta. Mutum yana ɗaga hannu ya ga faranti, ya ga sandar da aka kafa shi, ya ga abin da ke bayansa. Ranar Asabar da ta wuce na yi gwajin. Duk shidan sun shiga, ɗaya a can gefe. Elwood ya ɗaga farantin ya leƙa ni ta ramukan ya ce, "An lalata faranti mai kyau, da mun ci kek a kai." Duane ya ninke shi ya sa a aljihu ya ce ƙuri'a ranar Asabar mai zuwa, kuma bai ga abin da zai hana ba.

Yanzu amsar tambayarki. Ni na ce a juyo.

Kin san shekarun da na yi ina rubuta shafin farauta a jarida, da irin abin da na riƙa faɗa a kan masu raunata dabba su koma gida cin abinci. Ardith tana yanke shafin tana ajiyewa. Lokacin da ta rufe gonarta ga mafarauta, bayan ta tsinci gawar barewa a bayan rumbunta, ta tare ni a coci ta ce, "Leland, kai kaɗai ne in ka zo zan buɗe wa ƙofa." Ranar nan muna tsaye a shingenta, ina hango hayaƙin murhunta. Duane ya ce, "Mu je mu yi mata sallama?" Na duba ƙasa na ce jini ya ɗauke, alama ce namijin barewar ya juya ya koma ta ɓangarenmu. Sun yarda saboda ni na faɗa. Kwana biyu na bar mutane suna tsefe inda na san da wuya ya kasance. Madubi bai shiga wannan ba, ke ma ba ki shiga ba.

Jiya da rana Ardith ta bugo waya. Ta ce tana duba wayar shinge bayan narkewar ƙanƙara, sai ta ga ƙasusuwa da fata a bakin rafi, ƙasa da inda muka tsaya, wurin da ake hangowa daga shingen. Ta ce ta kira ni ne don na san wanda ya kamata a gaya wa, kuma in da ina rubutu har yanzu da na samu abin rubutawa. Na ce mata, "Ardith, ina jin nawa ne."  Ta ce, "To. Ka zo da takalmin ruwa."

Ina iya zuwa ni kaɗai in binne shi kafin Asabar, ba ta da wanda za ta gaya wa. Na zauna da wannan tunanin har kofina ya huce, ba zan ɓoye miki ba. Daga nan na tuƙa zuwa gidan Duane na same shi yana gyaran injin yankan ciyawa, na gaya masa abin da na gaya miki yanzu. Bai ɗago ba. Ya ce, "Ka san sai na faɗa musu kafin ƙuri'a." Na ce shi ya sa na zo. Ya ce, "Farantin nan fa, me zan yi da shi?" Na ce ya riƙe.

Gobe da safe za mu je tare, ni da shi da Elwood, da ƙaramin shebur da rariya. Harsashin libarba ba ya kama da na doguwar bindiga, kuma a wannan kwarin ni kaɗai na fita da irinsa. In yana cikin ƙasar da ke ƙarƙashin haƙarƙarin, za a gane shi a tafin hannu.

Ardith ta ce namiji ne, ƙahonsa na nan a kansa. Ba mu gani da idonmu ba tukuna.

Kawunki,
Leland